In Za Ka Zaga Wuraren Tarihin Landan, Bi Kogin

Zuwana Landan na farko a 2016 ne, lokacin da babban yarona ya gama digirinsa na biyu. A lokacin na shekara 26 ina koyar da tarihi a sakandare, ina rubuta Westminster da Lancaster House a kan allo, amma ban taɓa taka ƙasar ba. Kwana ɗaya tak na samu na kaina, sai na biya kuɗi masu yawa na hau irin motar nan ta 'yan yawon buɗe ido mai buɗaɗɗen sama. Cikin awa uku ta zaga da mu gari kaf. Da daddare na zauna a masauki ina duba hotunan da na ɗauka, sun fi 100, rabinsu ban iya tantance wane gini ne ba. Abin ya tsaya mini a rai sosai. Na sake komawa a 2019 da 2023, na bi garin da ƙafa, kuma abin da zan faɗa a nan daga waɗannan zuwan biyu na samo shi.

Kafin komai, ka buɗe taswira ka nemi kogin Tems. Yana ratsa garin daga yamma zuwa gabas yana lanƙwasa kamar maciji, kuma kusan duk abin da ya cancanci ka je dominsa yana bakinsa ko kusa da shi. Daga yamma akwai Westminster, mazaunin sarauta da majalisa. Gaba kaɗan akwai tsohon birni da suke kira City, inda Rumawa suka kafa garin kusan shekara 2,000 da suka wuce, yau kuma unguwar bankuna ce. Can gabas sai Greenwich, ta jiragen ruwa da agogo. Duk wanda ya san bambancin cikin Birni da Fagge da Nasarawa a Kano zai gane abin da nake nufi: da zarar ka raba garin a kanka, ba ka ƙara ɓata ba. Ka ba kowane yanki kwana guda, ka ƙara ɗaya don gidan tarihi na British Museum, wanda shi ne ya ɗan yi nesa da ruwa. Kwana huɗu ke nan. In biyu gare ka, ka zaɓi yanki biyu ka bar saura sai wani jiƙon, kada ka cusa huɗun a cikin biyu.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da bizar baƙunta ta Birtaniya, kuma bizar Schengen da ake shiga Faransa ko Jamus da ita ba ta aiki a nan. Tikitin wuraren da ake biya, ka saye shi ta intanet a shafin wurin da kansa, ka zaɓi rana da sa'a, ka kuma duba ko wani sashe yana rufe saboda gyara. Shiga Hasumiyar Landan kaɗai ta haura fam 30 ga babba, cocin Westminster ma kusan haka, saboda haka wuri ɗaya na kuɗi a rana ya isa. Wurare da yawa kyauta ne, kuma na kyautar ba su gaza na kuɗin da komai ba.

Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi ko sisi. Ka sayi katin Oyster a na'urar da ke tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka zuba masa kuɗi, don katin bankinmu na gida ba koyaushe yake amsawa a can ba. A jirgin ƙasa za ka ɗora katin a ƙofa lokacin shiga da lokacin fita, a bas kuwa lokacin shiga kawai. Akwai iyakar abin da za a cire maka a yini, in ka kai ta sauran hawan ba a ƙara cire komai. A kan matakala mai tafiya da kanta ka tsaya ta hannun dama, hagu ta masu sauri ce, kuma ba sa wasa da wannan.

Takalmin kambas ne abokin tafiyarka, don za ka yi kilomita 10 a yini ba ka ankara ba. Ni da kaftani da hula na yi yawona, ba wanda ya dube ni sau biyu, sai dai na sa rigar sanyi daga ciki ko a watan Yuli. Ka riƙe 'yar lema mai naɗewa. Ka kuma jefa ƙaramar gorar roba a jaka ta zame maka buta, domin bayan gidansu takarda ce kawai. Batun salla kuwa yana buƙatar lissafi. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, wato Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke faɗowa. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salla, ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Tsakanin Mayu da Satumba ya fi daɗin zuwa, yini yana da tsawo.

Rana ta farko ka sauka a tashar Westminster wajen ƙarfe 9. Kana hawowa daga ƙarƙashin ƙasa za ka ga hasumiyar agogo tsaye a kanka, mita 96. Kowa Big Ben yake ce mata, amma wannan sunan ƙararrawar da ke ciki ne, mai nauyin sama da tan 13, wadda ta fara bugawa a 1859. Hasumiyar kanta tun 2012 sunan Sarauniya Elizabeth aka sa mata. A zuwana na 2019 duk an lulluɓe ta da ƙarafan gyara, sai a 2023 na gan ta sosai. Na hau kan gada na jingina da ƙarfe ina jira har ƙarfe 10 ta cika. Da ta fara bugawa tsigar jikina ta tashi, don ƙarar da na sha ji ce a rediyon mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune a zaure yana kama BBC. Kada ka ɗauki hoto ka wuce. Ka jira ta buga.

Ginin da ke manne da ita shi ne majalisar dokoki. Yawancinsa an sake gina shi ne bayan gobarar 1834, amma babban zauren Westminster Hall ya tsira, kuma tun 1097 aka fara gininsa. A cikinsa aka yi wa Sarki Charles na ɗaya shari'a a 1649 kafin a fille masa kai, a cikinsa Nelson Mandela ya yi jawabi a 1996, a cikinsa kuma aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth a 2022 jama'a suka yi ta layi. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: idan majalisa na zama, baƙo daga kowace ƙasa yana iya bin layi a ƙofar Cromwell Green, a caje shi, ya hau benen 'yan kallo ya zauna kyauta. Na yi haka. Kujerun majalisar wakilai kore ne, na majalisar dattawan sarauta ja, ga sandar majalisa kwance a kan tebur. Nan take Abuja ta faɗo mini, koren zaure da jan zaure, da sandar da ba a zama sai tana nan. Ɗakin ya fi yadda kake zato ƙanƙanta. Wakilai 650 ne, kujerun ba su ishe su duka ba, ranar muhimmiyar muhawara wasu a tsaye suke.

Tsallaken titi akwai dandalin da gumakan Churchill da Gandhi da Mandela suke, bayansa kuma cocin Westminster Abbey. Tun 1066 a nan ake naɗa sarakunan Ingila, na bayan nan shi ne Charles na uku, ranar 6 ga Mayu, 2023. Ginin da kake gani Sarki Henry na uku ya fara shi a 1245. A ciki akwai kujerar katako ta naɗin sarauta, wadda ta haura shekara 700, da kaburburan sarakuna, da na Isaac Newton da Charles Darwin da David Livingstone. Ranar Lahadi ba a shiga kallo, ibada kawai ake yi, kuma 'yan'uwanmu Kirista suna iya halarta ba tare da tikiti ba. Na san wasu daga cikinmu ba sa son shiga coci, kuma ba na ganin laifinsu, kallon ginin daga waje ma abu ne. Wanda ya shiga ya tuna wurin ibadar wasu ne, ya sassauta murya.

Daga nan ka ratsa lambun St James's zuwa fadar Buckingham, minti 15 a ƙafa. Ka dubi tutar da ke saman ginin: in ta sarauta ce, mai ja da rawaya da shuɗi, sarki yana ciki, in tutar ƙasa ce ba ya nan. Ɗakuna 775 gare ta, kuma Sarauniya Victoria ce ta fara zama a ciki a 1837. Gaskiya ginin bai burge ni ba daga waje, ya fi kama da babbar ma'aikata. Canjin dogarai masu jar riga da doguwar baƙar hula ana yinsa wajen ƙarfe 11, amma ba kullum ba, sai ka duba jadawali, kuma ruwa mai ƙarfi na hana shi. In ba ka je awa guda kafin lokaci ba, ƙeyar mutane kawai za ka gani a bakin ƙofa. Ka tsaya a gefen titin The Mall, nan za su wuce ta gabanka da kaɗe-kaɗensu.

Abin da ya fi damuna a wannan yanki ba fadar ba ce. In ka baro ta ka biyo The Mall ka nufi gabas, ta hannun hagu za ka hangi wani gida na dutse mai launin zuma a bayan itatuwa. Shi ne Lancaster House. Ba alama babba, ba layi, 'yan yawon buɗe ido wucewa suke yi. A cikin gidan nan aka yi tarukan tsarin mulkin Najeriya na 1957 da 1958. Sardauna Ahmadu Bello ya zauna a ciki, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Azikiwe, da Awolowo. A zaman 1958 aka tsayar da 1 ga Oktoba, 1960. A nan ma aka ƙulla yarjejeniyar 1979 da ta haifi Zimbabwe. Gidan gwamnati ne, ba a buɗe shi ga jama'a sai da wani dalili na musamman, daga bakin shinge kawai za ka tsaya. Na daɗe a wurin. Yarona ya ce, "Baba, ai ba abin gani a nan, mu ƙarasa." Na ce masa, "Ranar da kake hutun 'yancin kai kowace shekara, a bayan tagogin nan aka yanke ta." Ya yi shiru, sannan shi da kansa ya ciro waya ya ce in gyara tsayuwa.

Titin zai kai ka dandalin Trafalgar, inda gunkin Nelson, babban hafsan sojan ruwan Birtaniya (ba Mandela ba), yake a kan ginshiƙi mai tsawon kusan mita 52, tunawa da yaƙin ruwa na 1805. Gidan zane-zane na ƙasa yana nan, shiga kyauta, akwai wurin zama da bayan gida. Ofishin jakadancin Najeriya yana nan kusa a titin Northumberland Avenue, yana da kyau ka san inda yake ko don halin ɓatan fasfo.

Rana ta biyu ka yi sammako zuwa tashar Tower Hill. Kana fitowa, kafin ka tsallaka titi, ka waiwaya. Akwai guntun katanga ta dutse mai layin jan bulo daga ƙasa. Ganuwar Rumawa ce, tun wajen shekara ta 200 miladiyya. Guntaye kawai suka rage, amma an killace su an rubuta bayani. Duk lokacin da na gan ta sai badalar Kano ta zo mini, da yadda ake ta yankarta ana gina shaguna, sai zuciyata ta sosu.

Hasumiyar Landan ba hasumiya ɗaya ba ce, ƙaramin gari ne mai ganuwa biyu. William na Normandy, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa aka fara farar hasumiyar tsakiya wajen 1078, don ya nuna wa mutanen gari wa ke da iko yanzu. Daga baya ta zama fada, ta zama kurkuku, ta zama wurin buga kuɗi, har gidan namun daji, an taɓa ajiye giwa a nan a 1255.

Ga dabarar shiga. Ka kasance a ƙofa lokacin buɗewa, kuma kana shiga kada ka tsaya kallon komai, ka miƙe kai tsaye ɗakin kayan sarauta. Da safe minti kaɗan za ka jira, da rana layin kan kai awa. A ciki ba a ɗaukar hoto, kuma a gaban kambunan akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta da za ta wuce da kai, amma kana iya zagayowa ka sake hawa, ni sau uku na yi. Ka kula da sandar sarauta: lu'ulu'un da ke kanta, mai karat 530, an yanko shi ne daga dutsen Cullinan da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905. Akwai kuma Koh-i-Noor, wanda Turawa suka karɓe a 1849 bayan sun ci Punjab, kuma har yau Indiya na neman a mayar mata. Kyan abin ba ya faɗuwa, amma ka san daga ina ya zo.

Da ka fito sai ka koma bakin ƙofa ka bi ɗaya daga cikin dogaran wurin, masu baƙar riga mai jan ado. Zagayen da suke yi da baƙi yana cikin kuɗin tikitinka. Kowannensu sai ya yi aƙalla shekara 22 a soja kafin a ɗauke shi, kuma a cikin ganuwar suke zaune da iyalansu. Za su nuna maka ƙofar ruwa da ake shigo da fursunoni ta kwalekwale, da filin da aka sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na takwas, a 1536. Turancinsu da sauri yake, ka matsa kusa. Za ka ga hankaki suna yawo a kan ciyawa, manya, baƙi ƙirin, ba irin namu mai farin ƙirji ba. Camfinsu ne cewa ranar da hankakan suka bar wurin sarauta za ta faɗi, shi ya sa ba a barin su gaza shida, har da ma'aikaci mai kula da su.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne wata 'yar hasumiya da ake kira Beauchamp, wadda mutane da yawa ke wucewa. A benenta fursunoni sun sassaƙa sunayensu da addu'o'insu a jikin dutse, wasu da kwanan wata na shekarun 1500. An rufe su da gilashi. Ka matsa ka ga zurfin kowane harafi, ka auna makonnin da mutum ya yi yana ƙwaƙule dutse da ƙusa bai san ko zai fita ba. Ka ware awa uku zuwa huɗu a Hasumiyar gaba ɗaya.

Gadar nan mai hasumiya biyu da ke gefe, wadda ke buɗewa jirgi ya wuce, sunanta Tower Bridge, an buɗe ta a 1894. Ba ita ce London Bridge ba, kada ka faɗa wa direba haka ya kai ka wata. Tsallake ta kyauta ne.

Yanzu Azahar ta yi. Tafiyar minti 20 a ƙafa za ta kai ka titin Whitechapel, inda babban masallacin gabashin Landan yake, da wurin alwala da sashen mata. Unguwar cike take da gidajen abincin halal na 'yan Bangaladash, shinkafa da nama a farashin da ya fi na bakin kogi sauƙi nesa ba kusa ba. In da sauran ƙarfi ka leƙa masallacin Brick Lane. An gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan gudun hijira, a 1898 ya zama wurin ibadar Yahudawa, a 1976 ya zama masallaci. Gini ɗaya ne, baƙin unguwar ne ke sauyawa.

Da yamma ka koma cikin City. Akwai ginshiƙin tunawa da gobarar 1666, wadda ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a lungun Pudding Lane ta ci gidaje sama da 13,000 cikin kwana huɗu. Tsawonsa mita 61, daidai nisansa da inda wutar ta fara, matakala 311. Gaba kaɗan sai babban cocin St Paul's mai ƙubba, wanda Christopher Wren ya gina bayan gobarar. Hawa har ƙololuwa matakala 528 ne, mai ciwon gwiwa ko hawan jini kada ya gwada. Daga ƙofarsa ka hau bas mai lamba 15 da ya nufi Trafalgar, ka hau bene ka zauna a gaba. A Aldwych zai wuce da kai ta gefen Bush House. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, daga ginin nan ya yi ta magana da mu har 2012, lokacin da suka tashi. Yanzu jami'a ce ke amfani da shi.

British Museum kyauta ne, tun 1759 yake buɗe, amma ka yanki tikitin lokaci ta intanet, kuma kada ka je da babbar jaka. Ranar Juma'a yakan kai 8:30 na dare, saboda haka ni nakan yi sallar Juma'a a babban masallacin Regent's Park mai ƙubbar zinariya, sannan in taho. Kayan gidan sun kai miliyan takwas, wanda ya ce zai ga komai zai fita bai ga komai ba. Ka zaɓi ɗaki uku ko huɗu.

Dutsen Rosetta yana hawa na ƙasa, kullum da cincirindo. Sanarwa ɗaya ce aka rubuta da rubutu iri uku a shekara ta 196 kafin miladiyya, kuma ta hanyar na Girkanci ne Bafaranshe Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Daga nan ka hau sama ɗaki na 42 da 43, na duniyar Musulunci, da aka buɗe a 2018. Akwai na'urorin auna taurari na tagulla, da fitilar tangaran da aka yi a 1549 don Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus. Ka kuma tambayi ma'aikata inda dinaren Sarki Offa yake. Offa sarki ne a tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796. Ya sa an buga masa kuɗin zinariya ta hanyar kwaikwayon dinaren Halifa Mansur na shekara ta 157 bayan Hijira, da kalmar shahada da komai, aka soka sunansa da haruffan Latin a tsakiya, a kife in ka kwatanta da Larabcin, alamar maƙerin bai iya karanta abin da yake kwafa ba. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi kwabo ba, amma yana nuna inda darajar kuɗin Musulmi ta kai a wancan zamani.

Sai ka sauka can ƙasa ɗaki na 25, na Afirka. A bango guda an jera allunan tagulla na Benin. Ka tsaya dab da su. Ga Oba da murjaninsa har wuya, ga mayaƙa, ga 'yan Fotugal da dogon gashi da bindiga, kowane zanen tufafi an fitar da shi dalla-dalla, aikin ƙarni na 16. Sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a 1897 bayan sun ƙone birnin suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, shekara shida kafin su ci Kano da Sakkwato. Gidan yana riƙe da sama da 900 na kayan Benin. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar nata a 2022, haka ma wani ƙaramin gidan tarihi a kudancin Landan, Horniman. British Museum kuwa yana kafa hujja da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. Ranar da na je na tarar da wata malama da ɗalibanta 'yan firamare zaune a ƙasa suna zana allunan a littattafansu. Na ji daɗin yadda suke kallon aikin da girmamawa, na kuma tuna ɗaliban da na koyar shekara da shekaru daga hoton littafi mai dishi-dishi. Ra'ayina a fili yake, ya kamata a mayar. Amma kafin nan, duk ɗan Najeriyar da ya je Landan ya sauka ɗakin nan.

Greenwich, su "Girenic" suke faɗa, ta ruwa ya kamata ka je. Ka hau jirgin fasinja daga mashigar Westminster ko ta Tower, bai kai awa ba, kuma za ka sake ganin duk abin da ka bi da ƙafa, wannan karon daga tsakiyar kogi, kowanne a mazauninsa. Kana sauka za ka ga Cutty Sark, jirgin dakon ganyen shayi na 1869. Gidan tarihin jiragen ruwa kyauta ne, kuma yana da sashe kan cinikin bayi a tekun Atlantika. Ka ratsa lambu ka hau tudu, da ɗan tsayi, ka bi a hankali.

A saman tudun ne gidan duban taurari da Sarki Charles na biyu ya kafa a 1675. Duk wanda ya taɓa jin "ƙarfe bakwai agogon GMT" a rediyo, to daga tudun nan ake nufi. Matsalar da ta haifi wurin ta matuƙan jirgi ce: a tsakiyar teku ba su iya sanin nisan da suka yi gabas ko yamma. Duniya na juya digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka san ƙarfe nawa ne a gida, ka kuma auna tsakar rana a inda kake, bambancin zai gaya maka matsayinka. Abin da ya rage shi ne agogon da igiyar ruwa ba za ta rikita ba. Wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan, agogonsa huɗu suna ciki, na huɗun da ya gama a 1759 bai fi tafin hannu ba. A 1884 ƙasashe 25 suka taru a Washington aka amince layin da ya ratsa tsakar gidan nan ya zama sifili. Layin ya gangara ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Agogon Ghana daidai yake da GMT, na Najeriya da Nijar yana gaba da awa guda. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa Birtaniya kan tura agogonta gaba da awa ɗaya, sai lokacin Landan ya zo daidai da na Kano da Yamai.

Tsayawa a kan layin ƙarfen da ke tsakar gida, ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sai da tikiti. In ba ka son biya, akwai 'yar ƙofar ƙarfe a gefen shinge da ke kaiwa wata siririyar hanya, layin ya fito ta nan ma. Idan ka duba taswirar wayarka ba za ta nuna sifili daidai ba, sai ka matsa gabas kamar mita 100, don ma'aunin tauraron ɗan'adam ya ɗan sha bamban da na da.

Ka yi ƙoƙari ka kasance a saman tudun kafin 12:55. A kan rufin akwai wata jar ƙwallo a jikin sanda. Za ta ɗaga zuwa rabi, sannan ta kai ƙarshe, ƙarfe 1 daidai ta faɗo. Tun 1833 ake yin haka don matuƙan da ke kogi su saita agogonsu. Na saita nawa na hannu da ita, na mahaifina ne irin wanda ake murɗawa, minti biyu na tarar yana baya. Wajen komawa kada ka sake bin ruwa. Kusa da Cutty Sark akwai wani ɗan zagayayyen gini mai ƙubbar gilashi, ka shiga ka sauka, hanyar ƙafa ce ta ƙarƙashin kogi tun 1902, mita 370. Za ka ɓulla a Island Gardens, ka waiwayo ka kalli tudun daga tsallake, sannan ka hau jirgin ƙasa da suke kira DLR zuwa Shadwell. Daga nan Whitechapel tasha ɗaya ce, za ka riski La'asar a jam'i.